Kawu Musbahu da Ɓarɓashin Motar Alhaji

Ni tela ne, kuma shekara arba'in na yi ina ɗinki a zauren da ke kallon ƙofar gidan Alhaji Ramadan a Soron Ɗinki, saboda haka kada wani ya zo ya ce zai gyara mini wannan labari. A gabana aka yi. Har almakashina aka ara aka yi ɓarnar da shi.

Shekara ta biyu ce da fara yaƙin basasa. A lokacin, in motarka ta yi tari sai dai ka yi mata addu'a, don tun rikicin da aka yi kafin yaƙi yawancin kanikawan Sabon Gari sun tattara sun koma garuruwansu, 'yan kaɗan da suka rage kuwa soja sun kwashe su. A irin wannan hali ne Alhaji Ramadan ya sayi mota sabuwa dal, fara sol, wadda in rana ta haska ta sai ka kare ido. Baturen kamfani ya ja masa kunne, ya ce a riƙa tafiya da ita a hankali har ta cika mil ɗari biyar, sannan a kawo ta a yi mata juyen baƙin mai. An je Zariya da ita, an je Katsina, mil ɗari biyar ta cika, sai direban Alhaji ya wayi gari ya shiga soja ko sallama babu. Shi kuma Alhaji tafiya ta kama shi zuwa Agadas a kan harkar fata. Da ya duba gabas ya duba yamma bai ga mai lasin ba sai ƙanen matarsa, sai ya kira shi.

Wannan ƙanen mata shi ne Musbahu, wanda duk unguwa, yaro da babba, ke kira Kawu. Kai, Kawu Musbahu! Babu abin da bai iya ba a duniyar nan, in dai a baki ne. Shi ya taɓa gyara mini keken ɗinki, na yi mako guda yana ɗinki da baya. Ilminsa na mota kuwa, wata babbar mota ce ta taɓa mutuwa da su a hanyar Nguru, ya kwana uku a gindin bishiya yana riƙe wa bakanike farantin notuna. Tun daga ranar in ana hirar inji sai ya gyara hula ya ce, "Mu da muka kwana a cikinsa."

To, sai ka san halin gidan Alhaji kafin ka gane abin da ya biyo baya. Gidan fatake ne tun kakanninsa da suka ƙetaro sahara da raƙuma. A gidan nan in an ba ka ajiya, ko ta turare ce ko ta gashin jimina, a kan sikeli ake ba ka, a kan sikeli kake mayarwa. Da Alhaji zai miƙa mukulli, a gabana ya ce, "Musbahu, ga amana. Yadda na bar ta haka nake so in tarar da ita. Ko nauyin ƙwayar gero kada ya ragu."

Kawu ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, ka yi tafiyarka. Ko ƙura ce ta sauka daga jikinta zan kwashe in ajiye maka."

Kwana huɗu da tafiyar Alhaji, ranar Asabar, sai ga tangaraho. Hamid, autan gidan, wanda ya tafi yaƙi wata goma sha huɗu da suka wuce, an harbe shi a cinya, an sallame shi, zai sauka a jirgin ƙasa ranar Laraba da hantsi. Uwarsa Gwaggo Baraka, yayar Kawu ke nan, ta yi kuka ta yi dariya ta sake yin kuka. Tun da yaron nan ya tafi ba ta ci abinci ta ƙoshi ba, duk ta zama ƙashi da rai, mu maƙwabta har tausayinta muke ji. Ta fito har zaure, ta ɗaga hannu sama a gaban jama'a ta ce, "Na rantse da Wanda ya dawo mini da shi, ƙafar nan da aka harba ba za ta taɓa ƙasa ba, tun daga tasha har tsakar ɗakina!" Duk wanda ya san Gwaggo Baraka ya san in ta rantse an gama magana.

Kawu ya garzaya kamfani don a yi juye kafin Laraba, ya tarar da motocin soja sun yi layi har bakin titi. Aka ce ya dawo bayan wata biyu. Ya dawo unguwa yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir, ya leƙo zaure ya kira sunana.

"Juye? Don juye za a ce in jira wata biyu? Sule, ajiye allurar nan gobe ka zo ka ga aiki."

Ranar Lahadi da safe ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, ya ari tasa wurin Asibi mai waina da ke suya a bakin lungu, ya shige ciki da babbar riga. Ya kwance noti, baƙin mai ya tsinke masa a fuska. Ya fito yana tofarwa, ya ce da gangan ya yi, sai an ɗanɗana ake sanin lafiyar inji. Daga nan ya kwanto wani gwangwani a gefen injin, wato matatar mai, ya zaro wata takarda mai ninki-ninki a ciki, ya aiko aka karɓi almakashina ya farke ta. Yana ɗaga ta a rana sai muka ga wasu 'yan ƙwayoyi suna walƙiya a cikin ninkin, ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba.

Asibi ta saki cokalin juya waina ta rangaɗa guɗa. "Azurfa! Jama'a, motar Alhaji tana kashin azurfa!"

Kafin ka ce me, mata sun aiko da rariya har guda shida, wani dattijo ya durƙusa yana leƙa salansa ko akwai saura. Mutum ɗaya ne bai motsa daga kan dakali ba, Baba Mamman, tsohon direban babbar mota da ya yi shekara talatin a hanyar Ikko kafin ido ya hana shi. Ya ce a miƙo masa takardar, ya murza ƙwayoyin a tsakanin yatsu, ya yi tsaki.

"Ku watse, ba azurfa ba ce. Ɓarɓashin ƙarfe ne. Kowane sabon inji yana yin haka, ƙarafan ne ke gogar juna har su saba. Ba ku ga sabon dutsen niƙa ba, ai sai ya zubar da tsakuwa kafin ya yi laushi. Aikin matatar ke nan ta tare shi. Musbahu, jefar da wannan, ka sa sabuwa, ka zuba sabon mai, ka je ka wanke fuskarka."

"In jefar?" Kawu ya zaro ido. "Baba Mamman, daga ina ƙarfen nan ya fito?"

"Daga cikin inji."

"Injin wa?"

"Na Alhaji mana."

"To! Ƙarfen Alhaji ne ke nan. An ba ni amana an ce ko ƙwayar gero kada ta ragu, kai kuma ka ce in zubar da dukiyar mutum a kwata. Shi ya sa ku direbobin zamanin da ba ku taɓa arziki ba."

"Yaro, shekara talatin na yi ina tuƙi."

"Tuƙi ka yi, Baba. A sama kake zaune. Mu a ciki muka kwana."

Ya kankare ƙwayoyin nan tas, ya wanke su da kananzir, ya tace a bakin rawaninsa, ya ƙulle a ƙyalle, ya ja ni har rumfar wani maƙerin farfaru mai yin awarwaro. Maƙerin ya kanga musu mayen ƙarfe, suka tashi suka manne, ya ce ƙarfe ne zalla. Kawu ya ce ai ya sani, awo ya kawo shi. Aka ɗora a kan ɗan sikelin zinariya, bai cika rabin misƙali ba. Kawu ya yi salati kamar an aiko masa da mutuwa, ya ce rabin misƙali guda ya fita daga jikin amanar Alhaji, shi ina zai sa kansa.

Muna dawowa ya buɗe bakin da ake zuba mai, ya karkaɗe ƙyallen a ciki, ya bi da sabon mai. Sannan ya ɗauki sabuwar takardar matata da kamfani suka haɗo da motar, ya juya ta, ya jefa ta cikin murhun Asibi.

Baba Mamman ya miƙe tsaye, abin da ya daɗe bai yi da sauri ba. "Me ka yi haka?"

"Ɓarauniya na ƙona. Ita ce ke zaune a lungu tana tare ƙarfen mutane tana ɓoyewa a cikin zaninta. Turawa sun sa ta ne don mota ta riƙa ramewa a koma a sayi wata. Ni ba a yi mini wannan." Ya mayar da gwangwanin fanko ya ɗaure.

Ranar Litinin ya zaga da ita Gwale ya dawo, ya sake tsiyaye man a tasar Asibi don ya tabbatar ƙarfen ya koma mazauninsa. Ina! Da ya tace, abin da ya samu ya ninka na jiya sau uku. Mai hankali a nan zai tsaya. Kawu kuwa ya zauna a kan tabarma ya riƙe haɓa, can sai ya buga cinya.

"Na gano! Yunwa ce. Motar nan cin kanta take yi. Tun da aka sayo ta ruwa-ruwa kawai ake ba ta, fetur, mai, ruwan lagireto. Wa zai rayu a kan ruwa-ruwa? Abin da aka yi da ƙarfe ai ƙarfe zai ci. Mu da muka gaji kiwo, saniya in ta fara lasar jikinta mun san abin da take nema."

Na ce, "Kawu, rabonka da saniya tun kakanka."

Ya ce, "Kai dai ɗinka aljihunka, Sule."

Ya nufi maƙera, ya sa aka share masa garin ƙarfen da ke zuba a ƙarƙashin magagari. Har da tsirfa, wai shi ba ya son na tsohuwar fartanya, sai na wuƙa da na lauje, don motar manya ce. Maƙerin ya tambaye shi ko maganin tauri zai haɗa, ya ce kusan haka ne. Ya dawo da gwangwanin madara cike, ya tankaɗe a ɗaya daga rariyar da mata suka manta, ya riƙa ɗura wa injin da cokalin shayi yana bismilla a kowane cokali.

Labari ya shiga cikin gida. Gwaggo Baraka ta fito da carbi a hannu, ta tsaya a bakin zaure.

"Musbahu, me nake ji kana ɗura wa motar nan?"

"Abinci mai gina jiki, Yaya."

"Mamman ya ce kashe ta kake yi."

"Yaya, Baba Mamman ko hancinsa ba ya gani. Ke dai ki shirya matashin da za a ɗora ƙafar Auta. Ranar Laraba, wallahi sai motar nan ta riga jirgi isa tasha ko da tare suka tashi."

"Ni ba tsere na ce ka yi ba. Ka kai ni, ka dawo mini da ɗana. Ka tuna agogon bangon Alhaji da ka gyara?"

"Ai yana aiki."

"Yana buga sha biyu sau tara a rana."

"To da can ma sau biyu kawai yake bugawa, Yaya. Ƙari aka samu."

Ta ce, "Ka dai ji rantsuwata," ta koma ciki.

Ranar Talata da ya tayar da ita, motar da a da sai ka kasa kunne kafin ka san tana aiki, ta kama wani irin ƙara kamar mata uku na daka a turmi ɗaya. Awakin unguwa suka tsinke igiya. Kawu ya kifa kunne a kan bonet, fuskarsa cike da farin ciki.

"Kun ji? Ta fara taunawa!"

Asibi ta ce, "Kawu, ni fa kamar kakari nake ji."

"Ya tsaya mata a wuya ne, garin ya yi bushewa." Ya tare wata mai tallan nono, ya sayi man shanu, ya narka ludayi biyu a kaskon waina ya bi da shi don ya wuce. Ƙamshi ya cika lungu. Kuliyoyi suka zo suka kewaye mota suka zauna.

Baba Mamman ya naɗe buzunsa, ya ɗauki sandarsa. Na ce, "Baba, ina zuwa?" Ya ce, "Koki, gidan 'yata. Ba zan zauna a kira ni shaida ranar Lahira ba." Ya tafi bai waiwayo ba, kuma ni da ina da hankali da na bi shi.

Laraba ta zo. Gwaggo Baraka ta sha lulluɓi ta shiga baya, matashi a cinya, Asibi a gefenta riƙe da ƙwaryar fura da kwanon dambun nama. Ni aka sa ni gaba saboda ni na ɗinka sabuwar rigar da Hamid zai sa, tana naɗe a hannuna. Kawu ya ci ado, har da baƙin tabarau. Rabin unguwa suka biyo mu a ƙafa don rakiya, da niyyar su juya in mota ta yi nisa. Ba su sami dalilin juyawa ba, don motar ba ta taɓa wuce su ba.

Tafiya muke, ƙara na ƙaruwa, hayaƙi mai ƙamshin suya na fita ta baya. Wani mai jaki da kayan itace ya zo ya wuce mu, har ya yi mana sannu. Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta jera da tagar Gwaggo suka gaisa, suka tambayi juna gida da jikoki, sannan ta ce ita za ta yi gaba don sauri take yi. Wata 'yar fitila ja ta kama a gaban sitiyari. Na nuna wa Kawu.

"Godiya take yi," in ji shi. Ya ciro hularsa ya rufe ta.

"Musbahu, taka ta mana!" in ji Gwaggo daga baya. "Rana tana yi."

"Yaya, wanda ya ci ya ƙoshi ba ya gudu nan take. Bari ya faɗa mata."

Da kyar da jiɓin goshi muka iso Ƙofar Mata, inda marina suke, kuma dole ta nan za mu fita zuwa tasha. Daidai lokacin muka jiwo kukan jirgi daga nesa. Gwaggo ta ɗaga kwanon dambu ta ƙwala wa Kawu a ƙeya. Shi kuma ya danna totur har ƙasa. Motar ta yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, ta yi tsalle ɗaya ta shiga tsakiyar ƙofa, sai ji muka yi fam! Wani abu ya faso ta ƙasa ya yi waje, baƙin mai ya malale, hayaƙi ya turnuƙe, komai ya tsaya cik.

Ka tuna lokacin yaƙi ne, kuma bara jirgin abokan gaba ya taɓa jefa bam wajen filin jirgin sama, tun daga nan ko faranti ne ya faɗi sai mutane su kwanta. Wani ya ƙwala ihu, "Bam! Bam a Ƙofar Mata!" Masu talla suka watsar da kaya. Wani mai keke ya faɗa rami da kekensa. 'Yan sa-kai na unguwa, waɗanda aka raba wa usur da bokitin yashi tun farkon yaƙi ba su taɓa samun inda za su yi amfani da su ba, suka sheƙo a guje murna fal cikinsu. Suka ɓalle bonet suka juye bokiti takwas a kan injin. Marina kuma da suka ga hayaƙi bai daina ba, suka kama ɗibar ruwan baba daga karofi suna sheƙawa, ƙwarya bayan ƙwarya, ta sama, ta gefe, ta taga.

Kawu ya fito yana ɗaga hannu yana tsalle. "Ku bari! Amana ce! Amanar Alhaji Ramadan ce!" Wani marini ya ga mutum na fitowa daga cikin hayaƙi, ya ɗauka wuta ce ta kama shi, ya juye masa ƙwarya guda a ka.

Da hayaƙi ya lafa, jama'a suka taso daga inda suka kwanta. Farar motar nan ta koma shuɗiya tun daga fitila har salansa. Kawu shuɗi, ni shuɗi, furar Asibi shuɗiya, rigar da na kwana uku ina yi wa aiki a wuya ita ma ta tafi. Ƙofa ta toshe, masu shiga ba shiga, masu fita ba fita. Sai wani daga mutanen unguwarmu ya leƙa cikin bonet ya ga tudun yashi, ya ce, "Kawu, barka! Yanzu kam ko an ɗora ta a sikeli ta fi yadda aka ba ka." Dariya ta ɓarke tun daga marina har kan ganuwa.

Kawu ya share baba daga tabarau ya ce, "Ku yi dariyarku. Ƙwarewa ta yi. A ba ta ruwa ta huta, da la'asar za ta tashi."

Gwaggo Baraka ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta fito, ta gyara lulluɓi, ta damƙi wuyan rigar ƙanenta, ta ce, "Mu je." Haka ta ja shi a ƙasa har tasha, ni da Asibi muna biye, mutane na darewa suna kallon shuɗayen mutane huɗu.

Mun tarar jirgi ya daɗe da saukewa. Motocin soja sun kwashe nasu, 'yan tasi biyun da ke da fetur an cika su sun tafi. Can ƙarshen dakalin tasha muka hango Hamid zaune a kan akwatin ƙarfe shi kaɗai, sandar guragu a jingine, ƙafar dama a miƙe a kan ƙunshin bargo. Yaron da ya tafi da kumatu ya dawo duk idanu. Gwaggo ta saki Kawu ta ruga, tsohuwar da ko tsakar gida ba ta gudu, ta rungume kansa tana cewa, "Auta, Auta, ashe zan gan ka." Wallahi na yi hawaye, ban kuma ji kunya ba.

Hamid ya laluba sandarsa zai miƙe. Ta dafe shi. "Kul! Na rantse ƙafar nan ba za ta taɓa ƙasa ba."

"To Inna, ina motar da aka rubuto mini Baba ya saya?"

"Za ka gan ta a hanya." Ta juya. "Musbahu, durƙusa."

"Yaya, a gaban mutane? Bari in nemo amalanke."

"Amalanken da ake ɗaukar fata da shi zan ɗora ɗana? Kuma ta wace ƙofa zai wuce, ba ka toshe ta ba? Kai ka ce za ka kawo shi gida. Durƙusa!"

Ya durƙusa. Muka ɗora masa Hamid a baya, na ɗauki akwati, Asibi ta ɗauki sanda, Gwaggo na tafe a gefe tana tallafe da ƙafar a kan matashi. Ko a hakan bakin Kawu bai mutu ba. Yana nishi yana gaya wa masu kallo wai dama likitoci sun hana a sa mai rauni a mota saboda girgiza, shi ya tsara haka tun farko.

Da muka iso Ƙofar Mata, marina suka tashi tsaye suna tafi. Muka raɓa ta gefen mota a ɗosane. Hamid ya dube ta daga kan bayan kawunsa ya ce, "Wannan ta wace ce, Allah sarki?" Asibi ta kwashe labari tas ta gaya masa, tun daga azurfa har man shanu. Yaron nan ya yi dariya har yana shaƙewa, har Kawu na tangaɗi. Gwaggo ta ce daga baya, wai tun a tasha take duban fuskarsa tana tsoron yaƙi ya cinye masa dariya, sai a nan hankalinta ya kwanta.

Da ya sami numfashi sai ya ce, "Kawu, ashe ni da motar Baba ciwonmu ɗaya. Likitan soja ya ce akwai sauran ɓarɓashin ƙarfe a cinyata da ba su iya cirewa ba, zai riƙa fitowa da kansa kaɗan-kaɗan. Jiya ma a cikin jirgi wani ya fito."

Kawu ya ja birki a tsakiyar hanya. "Ya fito? Ina ka ajiye shi?"

"Na jefar ta taga wajen Zariya."

"Ka jefar! Haba Auta, shi ya sa na ji ba ka da nauyi. To kada ka damu, akwai sauran rabin gwangwani a aljihuna, muna isa gida..."

"Sule!" Gwaggo ta daka tsawa har tantabaru suka tashi daga kan soro. "Ajiye akwatin nan ka karɓi yaron nan yanzu-yanzu!"

Haka aka sauya shi daga bayan Kawu zuwa nawa a sama, ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Ni da ban ci ba ban sha ba, ni na goya soja sukutum tun daga Ƙofar Mata har Soron Ɗinki, kuma tun daga ranar bayana bai ƙara miƙewa daidai ba. Amma na sauke shi a kan tabarmar uwarsa, a tsakar ɗakinta, a nan ƙafar ta fara taɓa ƙasa. Gwaggo ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa da muciya a hannu. Har ƙafar nan ta warke, duk ranar da Kawu Musbahu ya zo dubiya, sai ya juye aljihunsa a gabanta kafin ya shiga.